Abubakar Imam: Editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo

An haifi Alhaji Abubakar Imam ne a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yanzu ke cikin jihar Neja.

Bayan karatun allo a gida, ya shiga kwalejin horar da malamai ta Katsina a 1927, daga nan kuma ya zama malami a makarantar Midil ta garin.

Alƙalaminsa ne ya fitar da shi daga aji. A gasar rubutun ƙagaggun labarai da Dokta Rupert East na hukumar talifi ta Zariya ya shirya a 1933, littafinsa Ruwan Bagaja na cikin waɗanda suka yi fice. Magana Jari Ce ya biyo baya.

A watan Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka kuma damƙa masa kujerar edita.

Gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa jaridar, kuma ba don nishaɗi ba. Yaƙi na ƙaratowa a Turai, jita-jita ta cika kasuwanni, har ana raɗe-raɗin cewa Ingila za ta miƙa Najeriya ga Jamus. Turawa na neman kafar da za su yi wa jama'a magana da harshensu.

Wannan ya sanya Abubakar Imam a tsaka mai wuya: mai biyansa albashi daban, masu karanta shi daban. Idan jaridar ta zama kakakin Razdan kawai, ba wanda zai ɓata kwabonsa a kanta. Idan ta cika tsage gaskiya, masu ita na iya ɗaure mata baki.

Hanyar da ya bi ita ce buɗe shafi ga wasiƙun masu karatu. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e suka samu wurin kai kukansu, shi kuma yana saka nasa sukan cikin karin magana da barkwanci, yadda mai laifi zai gane kansa ba tare da an kama suna ba. A birane irin su Kano, mai ilmin boko guda kan karanta wa jama'ar zaure, saboda haka masu jin jaridar sun fi masu sayenta yawa.

A 1943 ya shiga tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma da ta ziyarci Ingila, tare da Nnamdi Azikiwe. A can ne Azikiwe ya gabatar da takardar neman a tsara wa'adin ba da mulkin kai, amma Abubakar Imam ya ƙi sa hannu, yana ganin Arewa ba ta shirya ba.

Wasu sun ɗauki hakan a matsayin biyayya ga Turawa. Sai dai a wannan tafiyar ce ya gana da Lord Lugard, ya kuma bayyana masa illolin da ke cikin tsarin mulkin da shi Lugard ɗin ya kafa, musamman yadda ake watsi da matasa masu ilmi.

Duk da haka, matasan Kano da suka kafa jam'iyyar NEPU a watan Agustan 1950 ba su gamsu da irin wannan lallami ba. Sun fi samun bakin magana a jaridar Comet ta Azikiwe, wadda ake bugawa a Kano.

Ya bar kujerar edita bayan kimanin shekaru 12, ya zama ɗan majalisar wakilai, daga baya kuma ya shugabanci hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnatin Jihar Arewa.

Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga watan Yunin 1981.