Tarihin Daniel O'Connell, Jagoran 'Yan Katolika na Ƙasar Ailan

Wannan taƙaitaccen tarihi ne na Daniel O'Connell, lauya, wanda ya ƙare ransa yana nema wa jama'arsa haƙƙi ta hanyar doka. An haife shi ran 6 ga Agusta, 1775, a lardin Kerry cikin Ailan, watau tsibirin nan da ke yamma da Ingila. A zamanin nan ƙasar tana hannun Sarkin Ingila. Yawancin mutanenta 'yan Katolika ne, amma doka ta hana su zama a Majalisa, ta kuma hana su manyan muƙamai.

Da ya tasa aka kai shi karatu Faransa. Can fitinar juyin mulki ta same shi, ya gudo cikin 1793, shekarar da aka sare kan sarkinsu. Tun daga nan ya tsani neman gyara da takobi. Ya zama lauya cikin 1798, ya shahara wajen tsaya wa talakawa gaban shari'a. Duk da haka cikin 1815 gardama ta haɗa shi da wani mutum wai shi D'Esterre, suka yi fito-na-fito da bindiga bisa al'adar manyan Turai ta lokacin, ya harbe shi ya mutu. Nadamar wannan ba ta rabu da shi ba, ya riƙa ba 'yar mamacin kuɗin ciyarwa fiye da shekara 30.

Cikin 1823 ya kafa Jam'iyyar Katolika. Da shekara ta kewayo ya fito da dabara, aka yanka wa kowane mai son shiga kwabo ɗaya a wata, ana tarawa a bakin majami'a da taimakon limamansu. Da kuɗin nan aka ɗauki lauyoyi domin waɗanda aka zalunta, aka kai kukan jama'a Majalisa. Ta haka manomi matalauci ya san shi ma da hannunsa a cikin al'amarin.

Cikin 1828 mutanen lardin Clare suka zaɓe shi wakilinsu a Majalisar Landan. Amma ba a zama sai da rantsuwar da ta saɓa wa addininsa, shi kuwa ya ƙi yi. Gwamnati ta ga in ta matsa yaƙi zai tashi, sai ta sassauto, aka yi doka cikin 1829 wadda ta buɗe wa 'yan Katolika Majalisa. Ya shiga cikin 1830, ya yi ta faɗa da bauta, ya goyi bayan a ba Yahudawa haƙƙinsu. Cikin 1841 ya zama Magajin Garin Dablin.

Babbar jarrabawarsa ta zo cikin Oktoba, 1843. Yana neman a mayar wa Ailan Majalisarta, ya kira gagarumin taro a Clontarf. Ana gobe taro Gwamnati ta hana, ta jibge soja. Mutane sun riga sun kamo hanya daga nesa, da ya ce a ci gaba da sun ci gaba. Sai ya aika manzanni suka mai da su gida, domin kada a kashe kowa. Samari da yawa suka juya masa baya, Gwamnati kuma ta ɗaure shi wajen wata 3 cikin 1844, kafin Majalisar Dattawa ta soke hukuncin.

Da yunwa ta auka wa Ailan tun 1845, ya tashi a Majalisa cikin Fabrairu, 1847, jiki ya yi rauni, murya da ƙyar ake ji, ya roƙa wa mutanensa abinci. Ya rasu ran 15 ga Mayu, 1847, a Janowa ta Italiya, bisa hanyarsa ta zuwa Rum. Aka kai zuciyarsa Rum, aka binne gawarsa a Dablin. Ailan ba ta sami Majalisarta ba sai bayansa da shekaru masu yawa.

'Yan'uwa ma'aikata, duk wanda aka danƙa wa al'amarin jama'a, wata rana za a sa shi zaɓe tsakanin farin jininsa da lafiyar mutanensa. Ran da ta zo masa, ya tuna da abin da mutumin nan ya zaɓa a Clontarf. Iyakar labarinsa ke nan.