Muhammadu Al-Katsinawi, Malamin Hatimi da Lissafi

Duk wanda ya leƙa wajen masu sayar da littattafan addini a Babbar Kasuwar Katsina, ba zai rasa ganin hatimi a wani shafi ba, watau zanen nan mai gida-gida. Mafi yawan jama'a sun ɗauke shi a kan sha'anin tsibbu kurum, alhali kuwa a cikinsa akwai lissafi mai zurfi, wanda wani Bakatsine ya shahara da shi har ƙasar Masar.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Katsinawi. Ya tashi ne a zamanin da Katsina ta yi suna wajen ilmi, bayan shuɗewar waliyyai Ɗanmarina da Ɗanmasani. Daga cikin malamansa akwai Muhammadu Alwali na ƙasar Bagarmi. Wajen shekarar 1730 ya tafi aikin hajji, daga bisani ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya wallafa Bahjatul Afaƙ, littafin da ya yi bayani a kan ilmin haruffa da na wafaƙi.

Shi wafaƙi shi ne a jera lambobi cikin gidajen hatimi yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Malam Muhammadu ya tsara ƙa'idojin cika hatimi mai layuka mara, kamar 3 ko 5 ko 7. Ga misalin irin wannan ƙa'ida: a sa 1 a tsakiyar layin sama, a hau gida ɗaya a karkace ta dama a sa 2. In an fita daga zanen, sai a shigo ta ɗaya gefen. In an tarar da lamba a gidan, sai a sa sabuwar a ƙarƙashin wadda ta gabata. Haka za a yi ta yi har gidaje su ƙare. Mai gida 9 zai ba da 15, mai gida 25 kuwa 65.

Wannan ita ce dabarar da ake koya wa mai fara rubuta wa kwamfuta umarni: a tanadi jerin gidaje, kowanne da adireshinsa, a maimaita umarni guda a kansu, a kuma gindaya sharaɗin tsayawa. Abin da na'ura ke yi a yau, shi ya yi da alƙalami da tawada.

Malam Muhammadu bai komo gida ba. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan Al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, Abdurrahman, wanda ya kawo labarinsa a littafinsa. Abin takaici, ɗalibai da dama a ƙasar Hausa sukan gama karatun lissafi ba su taɓa jin sunansa ba. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.