Red Auerbach, Gwanin Zaɓen 'Yan Wasa

An haifi Arnold Auerbach, wanda aka fi sani da Red, a Brooklyn ta ƙasar Amurka cikin 1917. Ya zama mai koyar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta Boston Celtics a 1950. A zaɓen matasan jami'o'i na wannan shekara ƙungiyarsa ta ɗauki Chuck Cooper, baƙar fata na farko da aka taɓa zaɓa. Cikin 1956 ya sallama wa ƙungiyar St. Louis 'yan wasa biyu, har da gwaninsa Ed Macauley, domin ya sami Bill Russell, saurayin da ake shakkar iya jifarsa. Shi kuwa tsaron yaron ya duba, kuma bai yi kuskure ba, gama tare suka ci kofi tara. Ya rasu cikin 2006.