Abdu Mumuni, malamin da ya sa rana aiki

An haifi Abdu Mumuni Joffo a Tasawa, ran 26 ga watan Yuni na shekara ta 1929. Asalin gidansu Zabarmawa ne na Kirtashi, wani gari na bakin kogin Isa, kudu da Yamai. Amma shi a ƙasar Hausa ya buɗe ido.

Ya fara lakkol a Damagaram, ya ci gaba a Yamai. A zamanin nan Faransawa ke mulkin ƙasa, kuma lakkol ba ta da yawa. Yaron da ya shiga aji, sai ya aje harshen uwarsa a bakin ƙofa. Wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa ko Zabarmanci, a lakkol da yawa akan rataya masa wani ƙashi ko guntun icce a wuya, abin da ake kira sambol, ya yi ta yawo da shi har ya kama wani. Cikin irin wannan karatu Abdu ya tashi. Kansa yana ja ƙwarai, musamman wajen lissafi.

A 1944 aka aika shi Senegal, babbar lakkol ta Wiliyam Ponti, inda ake horon malamai na Afirka ta Yamma. Nan ne Bubu Hama da Jori Hamani da Jibo Bakari suka yi karatu kafin shi. Daga Senegal ya wuce Faransa, ya shiga karatun fizik, wato ilimin haske da zafi da lantarki da motsin abubuwa. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malamai ta Faransa, wadda ake kira agiregasiyon. Cikin ƴan Afirka baƙar fata na ƙasashen da Faransa ta mallaka, shi ne na farko da ya ci ta a wannan fanni. Shekarunsa 27. Aka ba shi aji a babbar lise ta Dakar, da albashi mai kyau, da girma wurin jama'a.

Bai daɗe cikin wannan inuwa ba. Ran 28 ga Satumba 1958, Janar Dagol ya sa aka jefa ƙuri'a a ƙasashen da Faransa ke mulki: wanda ke son zama tare da Faransa ya ce i, wanda ke son ƴanci nan take ya ce a'a. Ƙasar Gine kaɗai ta ce a'a, bisa jagorancin Seku Ture. Faransa ta yi fushi, ta kwashe ma'aikatanta, har da malamai da likitoci. Ga lokacin komawa lakkol ya zo, ga yara cike da aji, babu mai koya masu.

Sai waɗansu samari masu ilimi na Afirka suka tattara kayansu suka nufi Konakiri. Abdu Mumuni yana cikinsu, haka ma Jozef Kizarbo, masanin tarihi na ƙasar da ake kira Burkina Faso yau. Ba wanda ya tilasta masu. Gine ba ƙasar Abdu ba ce, kuma ya san wanda ya bar aikin Faransa ya tafi can, ya ɓata da masu mulki ke nan. Duk da haka ya tafi, ya karɓi alli a lise ta Donka, ya koyar da ƴaƴan mutanen da bai taɓa sani ba.

Bayan haka ya je Tarayyar Sobiyet ƙarin ilimi, a farkon shekarun 1960. Can ya duƙufa ga binciken ƙarfin rana. A 1964 kuma aka buga littafinsa da Faransanci, mai suna Ilimi a Afirka.

Littafin bai fara da lakkol ba, da gida ya fara. Abdu Mumuni ya nuna cewa tun kafin zuwan Turawa mutanen Afirka suna da hanyarsu ta tarbiyya. Uwa ce malama ta farko. Daga bayanta yaro ya sauka ya bi ubansa gona, yarinya ta bi uwarta rijiya da madafa. Tatsuniya da kacici-kacici da dare karatu ne. Wasa da tsara a dandali karatu ne. Ɗa kuwa na kowa ne: duk babban da ya ga yaro yana ɓarna yana da ikon tsawata masa. A wannan hanya, koyo da aiki ba su rabuwa. Bai ce komi na da daidai ba ne. Ya san akwai ilimin zamani da kakanni ba su kai gare shi ba, shi kansa ai malamin kimiyya ne. Abin da ya ƙi shi ne lakkol ta Turawan mulki, wadda ke ɗaukar yara kaɗan, ta raba su da harshensu da sana'ar iyayensu, don ta samu akawu da tafinta. Ya nemi a buɗe lakkol ga kowa, a yaƙi jahilci wurin manya, a kuma koyar da yara cikin harsunansu, har lissafi da kimiyya. A lokacin, masu boko da yawa suna ganin wannan magana ba mai yiwuwa ba ce. Shekara 9 bayan fitar littafin, a 1973, aka buɗe lakkol ta gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatu da Hausa.

Daga 1964 ya zauna Bamako, yana koyarwa, ya kuma kafa ɗakin binciken ƙarfin rana na ƙasar Mali. A 1967 ya samu babban digirinsa na dakta a Faransa. A 1969 ya komo gida Nijar, aka ba shi shugabancin ofishin ƙarfin rana, wato ONERSOL, ya riƙe shi har 1985.

Me ya sa rana? Kowane yaro na Arewa ya san amsa. A Dogon Dutsi ko a Tibiri, mace takan fita da asuba neman iccen wuta, ba ta komo ba sai rana ta take, kuma kowace shekara dajin yana ƙara nisa. Kananzir da gas sai an sayo su da kuɗi. Rana kuwa ga ta nan bisa kan kowa, kyauta, kusan kowace ranar Allah. Abdu Mumuni ya ga wauta ce a bar ta tana ƙona mutane a banza.

Shi da ma'aikatansa suka ƙera na'urori a Yamai. Akwai ta ɗuma ruwa. Akwati ne mai faɗi, an shafa wa cikinsa baƙin fenti, an shimfiɗa bututu a ciki, an rufe shi da gilashi. Baƙin abu yana shan zafi, shi ya sa baƙar riga ta fi fara ƙuna cikin bazara. Gilashi kuma yana barin haske ya shiga, amma yana tsare zafi kada ya fita. Ruwan da ke cikin bututu in ya yi zafi sai ya yi sauƙi, ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya sauko ya maye wurinsa. Ba icce, ba hayaƙi. Akwai murhun rana: wani babban faranti ne mai ƙyalli, mai zurfi kamar ƙwarya, wanda ke tattara hasken da ya faɗo masa ya haɗa shi wuri guda, daidai gindin tukunya. Akwai ta tace ruwa, inda rana ke mai da ruwa tururi, tururin ya taru jikin gilashi ya ɗiga tsarkakakke, gishiri da datti su rage a ƙasa. Akwai kuma ta shanya abinci, mai tsare shi daga ƙura da ƙudaje. Har injin da zafin rana ke juyawa suka gwada.

Gaskiya, ba duka suka shiga gidaje ba. Na'urar ɗuma ruwa ta samu karɓuwa a birni. Murhun rana kuwa ya yi wa talaka tsada, ga shi ba ya aiki sai da rana tsaka, alhali tuwon dare da magariba ake tuƙa shi. Allunan rana da ake gani yau bisa rijiyoyi da gidajen likita su ma wata fasaha ce dabam, masu ba da lantarki, kuma yawancinsu daga waje ake kawo su. Amma tun ana yi wa zancen dariya Abdu Mumuni ya nace a kansa, ya kuma horar da samarin da suka ci gaba da aikin.

Duk wannan bai raba shi da aji ba. Ya koyar da fizik a jami'ar Yamai har ƙarshen ransa. A 1979 aka naɗa shi shugaban jami'ar; bayan ƴan shekaru ya sauka, ya koma ga ɗalibansa da ɗakin bincikensa. Gidansa ma gidan malamai ne. Matarsa A'ishatu Mumuni malama ce, kuma a 1987 ita ce mace ta farko da ta shiga gwamnatin Nijar.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 7 ga Afrilu 1991, yana da shekara 61. A 1992 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. Aka kuma keɓe ranar 7 ga Afrilu don tunawa da shi, ranar da masu aikin ƙarfin rana da na iska ke fito da na'urorinsu su nuna wa jama'a.