Ziryab: Makaɗin da hassadar malaminsa ta kora daga Bagadaza, ya kafa makarantar kiɗa a Andalus

Duk mai son fara koyon ud, wato molon Larabawa mai ƙaton ciki da gajeren wuya, abu biyu zai fara cin karo da su: tsirkiyoyin da ake jerawa bibbiyu, da ɗan abin kaɗawa da ake kira risha. Dukansu suna da alaƙa da tarihin mutum ɗaya da ya rasu sama da shekara 1,100 da suka wuce, Abul Hasan Ali ɗan Nafi'u, wanda aka fi sani da Ziryab.

An haife shi a Iraƙi wajen shekarar 789. Laƙabin Ziryab sunan wani baƙin tsuntsu ne mai zaƙin murya, kuma an sa masa shi ne saboda duhun fatarsa da daɗin muryarsa. Ya yi koyo a wurin Ishaƙ al-Mausili, babban makaɗin fadar Abbasiyawa a Bagadaza.

Ranar da ya fi malaminsa

Marubutan Andalus sun ruwaito cewa wata rana Ishaƙ ya gabatar da almajirin nasa ga Halifa Haruna Rashid. Da aka miƙa masa ud ɗin malaminsa sai ya nemi a bar shi ya kaɗa nasa, wanda ya ƙera da hannunsa, ya fi sauƙin nauyi kuma tsirkiyoyinsa daban ne. Kiɗan ya burge halifa matuƙa, abin da bai yi wa Ishaƙ daɗi ba. A cewar ruwayar, sai ya ba yaron zaɓi: ya karɓi guzuri ya bar gari, ko ya zauna ya ga abin da zai biyo baya. Ziryab ya zaɓi tafiya.

Ya zauna a Ƙairawan, a Tunisiya ta yau, a fadar Aglabiyawa. Daga can Sarkin Ƙurɗuba, Al-Hakam na ɗaya, ya gayyace shi. Sai dai sarkin ya rasu a 822, shekarar da Ziryab ya isa Andalus. Ɗansa Abdurrahman na biyu ya cika alƙawarin, ya karɓe shi hannu bibbiyu, har aka ce ya yanka masa albashin dinari 200 a wata.

Abin da ya canza a jikin ud

A zamaninsa ud tsirkiya huɗu gare shi, ana rina kowace da launinta: rawaya, ja, fari da baƙi, daidai da ɗabi'u huɗu na jikin ɗan Adam a likitancin wancan lokaci. Ana jingina wa Ziryab ƙara ta biyar a tsakiya, wadda ya ɗauka a matsayin rai. Ya kuma sauya tsinken itace da ake kaɗawa da shi da gashin mikiya, domin ya fi laushi kuma ba ya saurin cinye tsirkiya. Har yau sunan abin kaɗawar risha, wato gashin tsuntsu da Larabci, ko da yake yanzu da roba ake yin sa. Ud na yau yawanci tsirkiya 11 gare shi, biyar bibbiyu da guda mai kaurin amo.

Yadda yake karɓar sabon almajiri

A makarantarsa ta Ƙurɗuba sai an gwada mutum kafin a fara. Yakan zaunar da shi a kan matashi ya sa ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. Idan muryar ba ta da ƙarfi sai a ɗaure masa ciki da rawani. Wanda bakinsa ba ya buɗewa sosai kuwa sai ya riƙa kwana da guntun itace tsakanin haƙora.

Daga nan karatu hawa uku ne. Almajiri zai fara riƙe kari da kalmomin waƙa, sannan ya koyi karin muryar tsurarsa, sai a ƙarshe a koya masa ado da lanƙwasa. Wannan tsari yana da amfani ga mai koyon ud a yau, domin wuyan kayan ba shi da gwaɓoɓin da ke nuna inda za a ɗora yatsa kamar na jita. Kunne ne ke jagora, don haka wanda ya yi gaggawar ado kafin ya riƙe kari zai sha wahala.

Tasirinsa bai tsaya ga kiɗa ba. Ana danganta masa tsarin cin abinci daki-daki, daga romo zuwa nama zuwa kayan zaƙi, da shan ruwa a kofin gilashi, da sauya tufafi gwargwadon yanayin shekara.

Ziryab ya rasu a Ƙurɗuba a 857. 'Ya'yansa, ciki har da mata biyu, Ulayya da Hamduna, sun ci gaba da sana'ar. Mafi yawan labarinsa ya iso mana ne ta littafin Nafhuɗ Ɗib na Al-Maƙƙari, wanda aka rubuta a ƙarni na 17. Makaɗan salon Andalus a Maroko, Aljeriya da Tunisiya har yanzu suna ɗaukar sa a matsayin kakan sana'arsu.