Shata Bai Taɓa Jin Kunyar Sana'arsa Ba

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in tuna wa matasanmu marigayi Alhaji Mamman Shata Katsina.

An haife shi a Musawa a 1923. Mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, don a lokacin ana ganin waƙa roƙo ce, abin kunya ga ɗan gidan Fulani. Shata ya fara da sayar da goro kasuwa-kasuwa, kamar dai irinmu 'yan tireda. To amma abin da ke cikin jini ba ya ɓoyuwa. Dandali ya ja shi, har ya ajiye goron ya bi kalangu.

Abin da ya fi burge ni, mutumin nan ya riƙi waƙa a matsayin baiwar Allah. Ba ya zama ya rubuta, makaɗa na taɓa kalangu sai waƙa ta zubo. Duk wanda ya saurari Bakandamiya zai ji yadda yake alfahari da wannan baiwa. Ya waƙe sarakuna, ya waƙe direbobi, kuma duk sunan da ya yi bai saki noma ba.

A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin dakta na girmamawa. Ya rasu a Kano a 1999, aka binne shi a Daura.

Don haka ina kira ga mawaƙan zamani, don Allah su so sana'ar tasu fiye da kuɗin da ake liƙa masu. Allah ya jiƙan Shata, amin.

Daga wani manomi, Malumfashi.