Shehu Muhammadu Bakatsine, Gwanin Hisabi Da Taurari

Cikin manyan malaman da birnin Katsina ya fitar a ƙarni na 18, kaɗan ne sunansu ya yi nisa kamar na Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace, wanda Larabawa ke kira Alkishnawi. Ya yi karatu gaban manyan malamai, ciki har da Shehu Muhammadu Alwali na Bagarmi, har ya ƙware a nahawu da hisabi da ilmin taurari.

Wajen shekarar 1730 ya tashi zuwa aikin Hajji, daga baya ya zarce Masar. Ya kammala littafinsa Bahjatul Afaƙ a kan hatimi, watau jera lambobi cikin gidaje yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya, kamar hatimi mai gida 9 da ke ba da 15. Bayan wannan ya rubuta Addurrul Manzum a kan taurari da asiransu.

A Alƙahira ya sauka gidan Shehu Hasan Aljabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin nan Abdurrahman Aljabarti. Mai masaukin nasa ma ya ɗauki karatu a wurinsa. A gidan ne ya rasu a 1741, ya bar masa wasiyyar littattafansa, aka binne shi can nesa da gida.

Ya kamata ɗalibanmu da ke gudun lissafi su san cewa Bakatsine ya taɓa koyar da shi a Masar. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.